Filin Kiwo: Tsohon kare da ranar rabuwa

Jama'a manoma da makiyaya, filin wannan wata na kare ne. Shi ke tsaron gida da dare, shi ke bin garke, shi ke tayar da zomo ranar farauta. Amma in ya tsufa ko ya kamu da cutar da ba ta warkewa, mutane da yawa ba su san yadda za su yi da shi ba. Wasu su kore shi daji, wasu su bar shi bayan danga ƙudaje na bin shi.

Ga misalin wani mafarauci na ƙasar Gobir. Karenshi ya shekara 12, shekarun tsufa ke nan ga kare. Wani ƙari ya fito mashi a ciki, yana girma. Ya kai shi ma'aikatar kiwo. Malamin dabbobi ya duba, ya ce: «Baba, wannan ciwon daji ne, ya riga ya bazu. Ba ya warkewa, amma ba ya kama mutum. Ku koma gida ku yi jinyarshi.»

Tsohon ya ce: «To malam, har yaushe?»

Malamin ya ce: «Kowace safiya ku duba abu huɗu. Yana ci yana sha? Yana tashi da kanshi ya yi bayan gida? Yana barci ba kuka? Yana kaɗa wutsiya in ya ji muryarku? Ranar da waɗannan suka ƙare, ku aiko mani.»

Tsohon ya shimfiɗa mashi buhu cikin inuwa. Ya aje kaskon ruwa kusa da bakinshi. Tuwo ya gagare shi, sai aka koma kunu da romo. Ana juya shi don kada gefe guda ya yi gyambo. Ba a ba shi ƙwayoyin ciwon kai na mutane ba, domin wasunsu suna ɓata ciki da ƙodar kare, har su kashe shi.

Wata biyu ana haka. Ran nan kare ya ƙi kunu, ya ƙi ruwa, ya kwana yana nishi. Jikan tsohon ya ce: «Kaka, a ƙara mashi kwana biyu mana.» Tsohon ya ce: «Kwana biyun namu ne, ba nashi ba.» Ya aika aka kira malamin. Allura guda aka yi mashi a jijiya. Ya yi barci, cikin ƴan mintoci numfashi ya tsaya. Suka gina rami mai zurfi nesa da rijiya, suka rufe shi.

Wani zai ce, ashe ba alhaki? A cikin Muhtasar na Shehu Halilu, littafin da malaman ƙasar nan ke karantarwa, an halatta yanka dabbar da ba a cin namanta in an fid da rai gare ta, don ta huta. Hadisi kuma ya kawo labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Inda malamin dabbobi ya yi nisa, a nemi shawarar malamin gari da wanda ya san aikin, a yi da sauri, ba gaban yara ba. Kada a sa guba. Mutuwarta mai azaba ce, kuma mushen yana kashe ungulaye da wasu karnuka.

Sai dai akwai cuta guda da ba a jinyarta: haukar kare. In kare ya sake hali farat ɗaya, yana dalalar da miyau, yana cizon itace da iska, muryarshi ta sake, ko muƙamuƙinshi ya saki ya kasa haɗiya, kada kowa ya sa hannu bakinshi wai cire ƙashi. A nisanta yara, a sanar da ma'aikatar kiwo nan take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59.000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan dukansu ta cizon kare suka kamu. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabuni minti 15, ya tafi gidan likita ranar nan. Tun 1885 Luwi Pastor na Faransa ya gwada allurar cutar ga mutum, kuma tana tsarewa in an yi ta da wuri. In alamu suka bayyana, babu sauran magani. Allurar rigakafi ga karnuka ita ce babbar garkuwar gari.

Hausawa sun ce sabo ake wa kuka, ba mutuwa ba. Babu kunya ga mai kukan karenshi. Abin kunya shi ne dabbar da ta yi shekaru tana tsaron ƙofa ta ƙare a juji, ko a riƙe ta cikin azaba don mai ita ya kasa rabuwa. Muddin tana ci, tana tashi, tana gane mai ita, a yi jinya. In waɗannan sun ƙare, a sallame ta da tausayi.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.