A Kafa Na'urar Hoto a Bakin Ruwan Yauri Kafin Gaɓar Ta Sake Gushewa

Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taso ya shafe fili fiye da murabba'in kilomita 1,200, aka tashi mutane wajen 44,000 daga gidajen kakanninsu. Tsohuwar Busa, inda ajalin Baturen nan mai yawon bincike, Mungo Park, ya riske shi a 1806, ta nutse ɗungurungum. Gungaye da dama da Gungawa suka zauna a kansu tun kaka da kakanni suka bi sahu. Masu tonon kayan tarihi sun yi ta rige-rige da ruwan, har suka haƙo mutum-mutumin yumɓu kusa da Yelwa waɗanda suka haura shekara dubu. Amma kamannin garuruwan, inda mashaya take da inda kuka ta tsaya da gidan wa ke maƙwabtaka da na wa, yawancinsa sai a bakin dattawa. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya yi mana ƙoƙari wajen rubuta tarihin Yauri, sai dai alƙalami ba ya nuna maka tsayin katanga.

Shi ya sa wata na'ura ta tsaya mini a rai. Wani ɗan kai ne mai inji da ake ɗora kyamara a kansa, a kafa shi bisa ƙafafu uku. Mai hoto zai nuna masa kusurwar sama ta hagu da kusurwar ƙasa ta dama na abin da yake son ɗauka, ya ja da baya. Na'urar ce za ta lissafa layi nawa ake bukata, ta juya kaɗan, ta tsaya cik, ta danna, ta sake juyawa, kowane hoto yana ɗan hawa kan gefen ɗan'uwansa. Daga baya kwamfuta ta haɗe su, kamar yadda maɗinki ke haɗa ƙwaryoyin saƙi su zama zane guda. Wadda ta fi shahara ita ce GigaPan, da Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka ta ƙera tare da hukumar NASA da tallafin Google, bisa dabarar da motocin binciken duniyar Mas ke ɗaukar hoto da ita. Ranar 20 ga Janairun 2009 mai hoto David Bergman ya ɗauki bikin rantsar da Obama da ita: hotuna 220 suka zama ɗaya, mai ɗigo miliyan 1,474. Kana kallon taron gaba ɗaya, ka zuƙo, sai ga fuskar mutum ɗaya a can nesa.

To, a kafa irinta a tashar jiragen ruwa ta Yelwa. Hoto guda zai riƙe maka kwale-kwalen da ke gaɓa har a iya ƙidaya su, da taru da aka shanya, da warangi a kan tabarma, da buhunan albasa, da layin da ruwa ya bari a jikin bango. Wannan layin shi ne ya fi damuna. Tafkin Kainji yana hawa da sauka da mitoci da dama kowace shekara, farin ruwa ya zo da damina, baƙin ruwa ya biyo baya daga tsaunukan Gini da sanyin hunturu. Gaɓa tana zaftarewa a hankali, ba wanda ke aunawa. Idan ambaliya irin ta 2020 ta cinye gonakin shinkafa, manomin Shanga ba shi da hujjar da ta wuce rantsuwa, jami'in da aka turo kuma ba shi da abin da zai gwada da shi. Hoton da aka ɗauka daga wuri ɗaya, sau biyu a shekara, lokacin cikar ruwa da lokacin janyewarsa, zai raba wannan gardama.

Za a ce ai akwai tauraron ɗan'adam. Akwai, amma daga sama yake leƙe. Ba ya ganin yadda ganuwar Birnin Yauri ke zaizayewa daga gefe, ba ya ganin yadda ake lodin jirgi a Wara, inda hatsarin watan Mayun 2021 ya ci rayuka masu yawa.

Aikin yana da wahalarsa. Ruwa ba ya tsayawa, jirgin da ke tafiya sai ya fito a yanke gida biyu ko ya fito sau biyu, hazo kuma yana kashe nesa. Saboda haka a yi sammako, a guji tsakiyar hunturu, a binne alamar siminti inda ƙafafun za su riƙa tsayawa. Kuɗin kan na'urar ɗaruruwan daloli ne. Hukumar N-HYPPADEC, da aka kafa domin al'ummomin da madatsun ruwa suka shafa, ba za ta ce ya fi ƙarfinta ba, ga kuma cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa da masana a hannu. A koya wa matasan Yauri da Ngaski da Shanga, su riƙa tafiya da dattawan da suka ga 1968 da idonsu, su faɗi sunan kowane gungu da kowace mashaya a rubuta a jikin hoton. Mafi ƙanƙantarsu yanzu ya ba sittin baya.

Sharaɗi ɗaya ne ba zan sassauta a kai ba. Na'urar da ke zuƙo fuska daga nesa za ta zuƙo matan da ke wanka da wanki a bakin ruwa, za ta kuma nuna hanyar shiga gari ga ɓarayin daji. Kada a kafa ta sai da izinin mai gari, a sanar da jama'a rana da lokaci, a kauce wa mashayar mata. Cikakken hoton kada ya hau intanet. A ajiye kwafi a fadar Mai Martaba Sarkin Yauri, wani a jami'a, wani a ƙaramar hukumar da aka ɗauki hoton a cikinta, yadda manomin da gonarsa ke ciki zai nemi a buɗe masa ba tare da ya je Birnin Kebbi ba.