Haƙƙin Ɗan Yaye A Lokacin Kaka

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da ruwa Ya raya ƙasa, Ya kuma nuna mana wata kakar muna da rai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Kaka ta shigo mana a nan gabashin Sakkwato. Shamuwa ta yi ƙaura, an girbe gero an ɗaure dammuna, ana roron wake ana cirar gyaɗa, dawa tana jiran iskar hunturu, a fadamun Wurno da Goronyo kuma manoma sun fara yaɗa irin albasa. A irin wannan lokaci ne malamai suke tunatar da mu aya ta 141 a Suratul An'am, wadda ta umurce mu da fitar da haƙƙin amfanin gona a ranar girbinsa: ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga abin da aka shayar da jigo ko inji, matuƙar ya kai nisabi, wato sa'i 300. Wannan tunatarwa ce mai kyau, Allah Ya saka musu da alheri. Ni kuwa yau ina so in yi magana a kan wani haƙƙin da shi ma yake faɗowa a kaka, wanda mai shi ba ya iya zuwa ƙofar gida ya nema, domin bai gama koyon magana ba. Ina nufin rabon ƙaramin yaro, ɗan shekara biyu zuwa uku, a cikin lokacin mahaifinsa.

Me ya sa na ce a kaka? Duba yadda shekarar magidanci take a ƙasarmu. Da bazara yana sharar gona da kai taki. Da damina yakan fita bayan sallar Asuba, ba ya dawowa sai rana ta yi sanyi, a gajiye, ga rumbu ya yi ƙasa, ga tunanin abin da za a ɗora a murhu. Da an gama kai amfani gida kuwa, mazan ƙauyukanmu da yawa sai su ɗaure kaya su tafi cin rani, wasu Legas, wasu Ibadan, wasu Abuja, sai an ga hadari kafin a sake ganinsu. Wanda bai tafi ba, fadama ce za ta ɗauke shi. Ashe 'yan makonnin da ke tsakanin girbin gero da tafiya cin rani su ne kaɗai lokacin da abubuwa uku suke haɗuwa a gida ɗaya: uba yana nan, abinci yana nan, hankali ya ɗan kwanta. Yaro kuwa sau ɗaya yake zama ɗan shekara biyu a kaka. Baɗi war haka wani yaro ne daban, ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa ko mahaifinsa mutum ne da ake rugawa a tarya, ko wanda ake ɓuya idan an ji gyaran muryarsa.

Amma ina wannan ɗan lokaci yake tafiya? Yana tafiya majalisa da teburin mai shayi, da yawon kasuwanni, da zancen ƙara aure tunda hatsi ya samu. Idan yaro ya dami mahaifiyarsa tana cikin aiki, sai a miƙa masa waya ya yi ta kallo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban irin wannan kallo, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, sannan yana bukatar motsa jiki na kamar awa uku kullum. Wasu iyayen kuma, da kyakkyawar niyya, sai su turo mana shi Islamiyya. Ni malamin Islamiyya ne, kuma ina faɗa da babbar murya cewa ajinmu ba wurin ɗan yaye ba ne. Yakan zo ya zauna a bayan yayyensa, ya yi kuka, ya yi barci, ya ga bulala a hannun wani, ya koma gida da darasi guda, cewa wurin karatu wurin tsoro ne. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya sanya umurtar yaro da salla a shekara bakwai. Idan salla, wadda ita ce ginshiƙin addini, an jinkirta masa ita har zuwa wannan lokaci, don me muke gaggawar ɗora masa allo tun bai iya ɗaura wando ba? Makarantarsa ta yanzu tana tsakar gida, malamansa kuma uwa da uba.

Bari in faɗi yadda muke yi a namu gidan, ko wani zai ga abin ɗauka. Muna da yaro da ya haura shekara biyu da 'yan watanni. Bayan na taso daga makaranta, kafin Magariba, nakan ajiye waya a ɗaki in fito tsakar gida. Ina da 'yan tantabaru a tukwane a jikin katanga, da ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, inda muka shuka zogale da yakuwa. Shi ke riƙe ƙoƙon tsaba, ya watsa wa tantabaru rabi, ya zubar da rabi a ƙafarsa. Shi ke bin bayana da ƙaramar buta, ya shayar da zogale, ya shayar da rigarsa. Mahaifiyarsa tana gefe tana yanka kuɓewa don shanya, ko tana ɗinkin hula, yana kai mata faifai yana dawowa da shi ba a aike shi ba. Wata rana in samo karan dawa in fere, in yi masa mota da totuwa kamar yadda aka yi mana muna yara. Kafin a kira salla ya karya ta, gobe mu sake wata. Da aka fara kawo sabon gero na gasa masa tumu, na murje a tafin hannu na hure, ya ci yana dariya.

A cikin wannan ɗan zama ne yake jin Bismillah kafin a watsa tsaba, da Alhamdu lillahi bayan an sha ruwa, yana maimaita rabin kalma. A nan yake ganin ana miƙa abu da hannun dama. A nan ya ga an ware dami an ce na Allah ne, an ɗora wa wani tsoho a kai ya fita da shi. Bai san sunan zakka ba, amma idonsa ya ga hatsi yana fita daga gidansu zuwa gidan da babu, kuma ya ga fuskar mahaifinsa a sake lokacin da yake fita. Wannan karatu ne da ba a rubuta shi a allo.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, reno aikin mata ne, kuma ga kunyar ɗan fari, wadda ta sa a al'adarmu uba ba ya kiran sunan ɗansa, balle ya ɗauke shi a gaban mutane. Kunya alheri ce, ba na kiran a zubar da ita. Wanda ba zai iya kiran suna ba ya sa laƙabi, wanda ba zai iya a ƙofar gida ba ya yi a cikin gida. Amma babu wanda ya kai Manzon Allah (SAW) kunya, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umamatu 'yar Zainab, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya ɗauke ta. Nasa'i ya ruwaito yadda ya tsawaita sujada a cikin jam'i, saboda ɗaya daga jikokinsa ya hau bayansa, bai so ya katse masa jin daɗinsa ba. Da Aƙra'u bin Habis ya ga ya sumbaci Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi (SAW) bai yaba masa a kan dattaku ba, sai ya gargaɗe shi cewa marar jin ƙai ba ya samun jin ƙai.

Na biyu, za a ce kiwon tantabara da feren kara wargi ne da bai dace da mai ilimi ba. Anas bin Malik (RA) yana da ƙane ƙarami, Abu Umair, mai ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu, Manzon Allah (SAW) ya iske yaron cikin baƙin ciki, ya tsaya ya kira shi da alkunya kamar babban mutum, ya tambaye shi labarin tsuntsunsa. Malamin nan na mazhabar Shafi'iyya, Ibnul Ƙass, ya ciro fa'idoji kusan sittin daga wannan hadisi kaɗai, Ibnu Hajar kuma ya kawo su a Fathul Bari. Imamu Gazali ma a cikin Ihya'u ya ja kunnen masu hana yaro wasa, ya nuna cewa hakan yana dusashe basirarsa ya sa shi ƙin karatu. Sai dai akwai iyaka. Malamai sun ƙi wasan tantabara irin na tsere da caca da hawa katangar maƙwabta, da duk abin da zai shagaltar da mutum daga salla. Kuma ba a barin yaro ya ɗaure wa tsuntsu zare a ƙafa ya yi ta ja. A nan ne ma ake fara koya masa tausayin abin da ya fi shi rauni.

Na uku shi ne mafi nauyi. Wani zai ce, Malam, kana zancen motar kara alhali akwai waɗanda ba su iya zuwa gonakinsu ba saboda 'yan bindiga? Gaskiya ne. A kaka ce, cikin Oktoban 2021, aka afka wa kasuwar Goronyo aka kashe mutane fiye da arba'in. A 2018 ƙauyukan yankin Gandi a ƙasar Rabah sun ga irin wannan masifa, mutane suka bar gidajensu. Kafin nan, ambaliyar 2010 ta cinye gonaki da gidaje a bakin gulbin Rima. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da alheri. Amma ni a ganina wannan hujja ce a kan abin da nake faɗa. Yaron da yake jin manya suna magana ƙasa-ƙasa da dare, yana ganin tsoro a fuskar mahaifiyarsa, ya fi kowa bukatar sa'a guda da zai ga duniya tana da tsari: an watsa tsaba, tantabaru sun sauko, Baba yana nan. Uban da bai san abin da gobe za ta haifar ba kuwa, shi ya fi cancanta kada ya ɗaga wannan zama zuwa gobe. Kuma ba a sayen kara da totuwa da kuɗi, ko a inda aka yi gudun hijira ana samunsu.

Mu tuna cewa Wurno ribaɗi ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a cikinta yana tsaron iyaka, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake. Amma ribaɗin da ya kafa gari ne na iyali, inda ya zaunar da mutane su yi noma da sana'a, su karantar da 'ya'yansu, domin ya san ganuwar da babu gidaje masu rai a bayanta ba ta tsare komai. Sardauna Ahmadu Bello kuma, wanda aka haifa a Rabah a 1910, da ya tashi rubuta tarihin rayuwarsa da aka buga a 1962, yana Firimiyan Jihar Arewa, da ƙuruciyarsa a wannan gari na bakin gulbi ya fara. Abin da yaro ya gani a tsakar gida yana bin sa har cikin furfura.

Akwai kuma fa'ida ta kiyaye rai, domin kaka tana da nata haɗurran, kuma idon uwa kaɗai ba ya isa a lokacin da aiki ya yi mata yawa. Kunama da maciji suna fakewa a ƙarƙashin dammuna. Ƙwayar gyaɗa tana iya sarƙe ƙaramin yaro, gara a daka masa ita. Maganin ƙwarin da ake sa wa wake guba ne, kada a ajiye shi ko buhun da aka sa masa a ɗakin da ake kwana. Kududdufai ba su ƙafe ba tukuna, sauro kuma bai tafi ba. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ma'aikatan lafiya suke bi gida-gida suna bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 a watannin damina na kwana uku ne a kowane zagaye: na farko a gabansu, sauran biyun a hannun iyaye. Uban da yake zama a gida shi zai san ko an ba da su, shi zai lura jikin yaro ya yi zafi tun kafin dare ya raba.

Saboda haka, ya ɗan'uwana magidanci, ga abin da nake roƙonka. Kamar yadda kake ƙirga dammuna ka ware na goma, ƙirga sa'o'in yininka ka ware guda ɗaya. Zaɓi lokacin da ba ya canzawa, ko bayan La'asar ko bayan Magariba, domin ƙaramin yaro da sabo yake gane ƙauna. Nemi wani ɗan abin yi da hannunka, ko kiwon kaji, ko dashen bishiya, ko tufkar igiya, ka bar shi ya ɓata maka rabinsa. Ke kuma 'yar'uwa uwargida, idan maigida ya zauna zai yi, kada ki yi masa dariya, kada ki ba da labarinsa a gidan biki. Annabi (SAW) ya gaskata Salmanul Farisi a lokacin da ya tunatar da Abud Darda'i cewa iyalinsa suna da haƙƙi a kansa kamar yadda Ubangijinsa yake da shi, alhali ibada ce ta shagaltar da Abud Darda'i. To ina ga wanda hira ce ta shagaltar da shi?

Allah Ya sa albarka a abin da muka girbe, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da masu gudun hijira gidajensu, Ya kai matafiya cin rani lafiya Ya dawo da su lafiya. Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.