DOKIN TEKU: KAMA DA WANE BA TA WANE

Yau dai mu ɗan ajiye zancen soyayya da kwalliya, in ba ku labarin wata halitta da ta daɗe tana ba ni mamaki, wato dokin teku.

Shi wannan kifi ne, amma kansa sak na doki. A tsaye yake iyo, yana da wutsiyar da yake naɗe ciyawa da ita. Ba shi da haƙori, ba shi da tumbi, sai dai ya yi ta zuƙar 'yan mitsi-mitsin jatan lande da dogon bakinsa. Kuma ku ji wani ikon Allah, macen ce ke zuba ƙwai a wata 'yar jaka da ke jikin namijin, shi zai yi rainon cikin har ya haife. Wayyo, ina ma!

A Amurka da Turai da Ostareliya mutane na kiwonsa a ɗaki, cikin akwatin gilashi mai ruwan gishiri. To a nan gizo ke saƙar, domin irinsa ya haura 40, kuma kowanne da ruwan da yake so. Wadda ta saya ba ta san wanne ta saya ba, wallahi da hannunta za ta kashe shi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Abu na farko, kada ki kuskura ki yi la'akari da launi. Dokin teku hawainiya ne, wanda kika gani ruwan ɗorawa a kanti, bayan 'yan kwanaki sai ki tarar ya koma baƙi. Masana abubuwa huɗu suke dubawa: tsawon baki, tukkun da ke tsakar kai, ƙayoyin jiki, da zobban da suka zagaye gangar jikin.

Akwai wanda masana ke kira erectus, ɗan gaɓar Amurka ta wajen tekun Atilantika. Ƙirjinsa faffaɗa ne, kuma sau da yawa za ki ga siraran layuka farare sun bi wuyansa. Shi ne aka fi ba 'yan koyo shawarar farawa da shi. Maƙwabcinsa reidi, wanda aka fi sani da na Barazil, siriri ne mai dogon baki, jikinsa duk ɗigo-ɗigo. Shi kuwa kuda na tekun Indiya da Fasifik jikinsa sumul yake, ba ƙaya, tukkunsa gajere ya ɗan karkata baya. Sai barbouri na wajen Filifin da Indonesiya, ɗan gayu, bakinsa da zane-zane kamar jakin dawa, jikinsa duk ƙaya. Waɗannan huɗun ruwa mai ɗan ɗumi suke so, kamar digiri 22 zuwa 24 a ma'aunin salshiyos.

Amma ga inda ake tafka ɓarna. Akwai abdominalis mai ƙaton teɓa, ɗan Ostareliya da Niyu Zilan, wanda kan kai santimita 35. Yana ƙarami sai ki ɗauka ɗaya ne da sauran, alhali shi ɗan ruwan sanyi ne, ba ya son ya wuce digiri 18 ko makamancin haka. Ki saka shi cikin masu son ɗumi, ciwo ne zai kama shi. Haka ma zosterae na gaɓar Filorida, wanda bai fi gaɓar yatsa ba. Wata sai ta zata jariri ne zai girma, nan kuwa ya gama girmansa ke nan, kuma abinci mai rai yake ci kullum, ba daskararre ba.

Mu ma nan Afirka ta Yamma muna da namu, algiricus, daga gaɓar Sanagal har Angola, kuma kamarsa ɗaya da reidi. Sai dai kamun da ake yi wa dokin teku ya yi yawa, ana busarwa a kai Asiya don magani. Shi ya sa tun 2004 yarjejeniyar CITES ta sa ido kan cinikinsa tsakanin ƙasashe. Saboda haka mai hankali takan nemi wanda aka haifa a wurin kiwo, ta kuma sa mai sayarwa ya faɗa mata cikakken sunansa. In ya hau kame-kame, ta kama gabanta.

Ƙannena, ni dai abin da na tsinta a nan shi ne, launi riga ce, ana sakewa. Na san kun gane inda na dosa, musamman masu zance da yamma. A tsaya a duba da kyau kafin a kai gida.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Ina sauraron wasiƙunku.

Taku har kullum.