RA'AYINMU: Danƙon Tsirrai Da Rabon Batsari Da Safana

A cikin watan Mayu na 2024 masana na Jami'ar Birmingham ta ƙasar Ingila suka ba da sanarwar wani binciken da muke ganin ya kamata hukumomin Jihar Katsina su lura da shi.

Akwai wani irin inji da ke ƙera kaya daga ruwan danƙo. Akan zuba ruwan a kasko, a haska shi da fitila ta musamman, duk inda hasken ya taɓa sai ya daskare, hawa bisa hawa, har siffar da aka tsara a kwamfuta ta fito. Likitocin haƙori na daga cikin masu yawan amfani da shi. Aibinsa biyu ne. Daga man fetur ake samun galibin danƙon, kuma da zarar ya daskare ba ya sake narkewa, sai juji. Masanan Birmingham suka haɗa nasu danƙon daga wani sinadari da ake samu a jikin tsirrai da dabbobi, wanda ake iya warware shi ya koma ruwa, a sake ƙira da shi. Wasu kamfanoni kuma tuni suna sayar da danƙon da aka yi da man waken soya.

To, ina ruwan mutumin Batsari ko Safana da wannan? Ruwansa ne ƙwarai. Idan masana'antu suka juya daga rijiyar mai zuwa gona, wanda ke da ƙasar noma da daji shi ke da abin sayarwa. Gyaɗa, rogon da aka san Batsari da shi, da ƙaron itatuwan Dajin Rugu, duk abubuwa ne da ya kamata a gwada a ɗakin bincike. Ba mu ce lalle za su dace ba. Mun ce a gwada. Mun riga mun ga yadda dalar gyaɗa ta tashi a Kano, aka kwashe ta ɗanya zuwa Turai, ribar sarrafawa ta zauna can.

Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, maƙwabciyar Safana ce. Ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Kowace shekara ɗalibai na rubuta kundin kammala karatu a fannin kimiyyar harhaɗa sinadarai, yawanci ƙura ce ke cinye su a kan kanta. Me zai hana a ba wasunsu wannan aiki, tare da kayan gwaji da kuɗin sayen su?

Amma fa ba za mu ɓoye gaskiya ba. Shekara da shekaru 'yan bindiga suka mai da Dajin Rugu mafaka, manoma da yawa suka bar gonakinsu na nesa. Babu mai zuwa tsagar ƙaro alhali yana tsoron a sace shi. Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jiha ta ware kuɗin wannan bincike a kasafinta na gaba, ta kuma haɗa kai da Gwamnatin Tarayya a tabbatar manomin Batsari da Safana ya je gonarsa ya dawo lafiya.