Gidan Ƙauye a Faransa: Araha Ba Ta Ado

A wannan fitowa za mu duba wata magana da ke yawo tsakanin ƴan kasuwarmu da ƴaƴanmu mazauna Turai, wato sayen tsohon gida a ƙauyen Faransa domin a gyara shi.

Gaskiya ne dokar Faransa ba ta hana baƙo mallakar gida ba, kuma gaskiya ne akwai araha a yankuna irin su Creuse da Indre. Amma arahar tana da dalili. Creuse ta taɓa ɗaukar mutum fiye da 280,000 a ƙarni na 19, yau kuwa ba su kai 120,000 ba. Matasa sun tafi birane, gidajen kakanni sun zama kango. Gidan da masu shi suka bari saboda rashin aiki da nisan likita, baƙo ma zai tarar da waɗannan matsaloli suna jiransa.

A ce an yi wa gida kuɗi yuro 30,000, wato kusan sefa miliyan 19 da dubu 700. Wannan somin-taɓi ne. Ciniki ba ya ƙulluwa sai a gaban notaire, jami'in da hukuma ta ɗora wa rubuta cinikin gidaje, kuma haraji da ladan aikinsa sukan kai kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na kuɗin tsohon gida. Bayan sa hannu a yarjejeniyar farko, mai saye yana da kwana 10 da zai iya janyewa ba tare da asara ba. A cikin kwanakin nan ya kamata a karanta takardun binciken da mai sayarwa ya bayar: na dalma a gidajen da aka gina kafin 1949, na wutar lantarki, da na riƙon ɗumi. Idan gidan ba ya haɗe da magudanar gari, kuma aka ga ramin ƙazantarsa bai cika ƙa'ida ba, mai saye ne zai gyara cikin shekara ɗaya.

Gyaran kansa shi ne babban nauyi. Rufi, bango mai danshi da na'urar ɗumama ɗaki suna iya cin kuɗin da ya zarce na gidan. Sauya fuskar gida sai da izinin ma'aikatar magajin gari, kuma idan yana kusa da ginin tarihi, sai masanin gine-ginen gwamnati ya duba. Ga harajin mallaka duk shekara, ga harajin zama wanda aka soke a 2023 ga gidan da mutum ke zaune a ciki, amma aka bar shi a kan gida na biyu. Mai niyyar sa haya ya sani cewa tun Janairun 2025 an hana ƙulla sabuwar haya a gidajen da suka fi kowane rashin riƙon ɗumi.

Abin da ya fi ruɗin mutane shi ne zaton takardar gida tana jawo takardar zama. Ba ta jawowa. Mai gida zai nemi biza kamar kowa, kuma gajeriyar biza ba ta wuce kwana 90 cikin kwana 180. Wa zai tsaya kan magina sauran watannin?

Sai abu biyu da suka shafi iyalin Musulmi. Bashin banki na sayen gida a can galibi da ruwa yake tafe. Gado kuma, dokar Faransa tana keɓe wa ƴaƴa rabo, ba ta bambanta namiji da mace. Ƙa'idar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2015 ta ba mutum damar zaɓar dokar ƙasarsa a cikin wasiyya, amma wata dokar Faransa ta 2021 ta rage ƙarfin zaɓin idan mamacin ko ɗaya daga cikin ƴaƴansa ɗan Tarayyar ne ko mazauninta. Don haka a zauna da malami da notaire tun kafin sa hannu, kada a bar wa marayu shari'a a ƙasar da ba su sani ba.

Wanda ke da izinin zama, da kuɗin gyara a hannu, da lokacin tsayawa kan aiki, yana iya cin riba. Wanda bai haɗa ukun nan ba, ya tuna tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Allah Ya sa albarka a dukiyarmu, Ya haɗa mu a fitowa ta gaba.