Baldi's Basics: Wasan tsoron da ya yi wa tambayoyinsa riƙon sakainar kashi

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo, malamin lissafi na bayansa riƙe da rula, ya san cewa ba sai da aljani ake jin tsoro ba. A kan wannan fargaba Micah McGonigal ya gina Baldi's Basics, wasan kwamfuta da ya fitar a 2018 ba tare da wani babban kamfani ba.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Za ka shiga makaranta ka tattara littattafai 7, kowanne da tambayoyin lissafi 3. Malam Baldi, mai sanƙo da koriyar riga, zai tarbe ka da fara'a. Idan ka cinye tambayoyin littafin farko har kyautar kwabo zai ba ka.

A littafi na biyu labari ke sauyawa. Tambaya ta uku lambobi ne a cakuɗe, ba ta da amsa, dole ka faɗi. Nan take kiɗa zai ɗauke, fuskar malam ta murtuke, sai ka fara jin ƙarar rula yana buga ta a tafin hannunsa.

A ganina, wannan ƙara ita ce ƙarfin wasan. Babu jini, babu gawa. Da kunne kake auna nisansa, kuma kowane kuskure na ƙara masa sauri. Shi ma yana sauraro: ka buɗe ƙofa, ya ji. Hotunan munana ne da gangan, domin shaguɓe ne ga wasannin koyar da yara na shekarun 1990, kuma munin nasu na ƙara wa wurin kwarjini. Na buga shi da dare da abin sauraro a kunne; ban sake yin wannan gangancin ba.

To amma ga inda nake da ja. Wasan da ya fara da tambaya, kamata ya yi ilimin ɗan wasa ya yi masa rana. A nan kuwa, tun daga littafi na biyu, tambaya ta ƙarshe tarko ce a kowane littafi. Karon farko abin na girgiza mutum. A karo na biyar ka riga ka sani, sai ka danna kowace lamba ka wuce. Tambayoyin sun zama ado, abin da ya rage tsere ne kawai.

Tseren ma akwai sa'a a ciki fiye da kima. Shugaban makaranta ya gan ka kana gudu, ya kulle ka a ofis. Wata yarinya ta tare ka sai ka tsallake igiya sau 5, alhali malam na tafe. Sau da yawa ba kuskurenka ke kashe ka ba, haɗuwar waɗannan ce a lungu guda, kuma tsoro ba ya daɗewa idan takaici ya shigo.

Baldi's Basics Plus da ya biyo baya a 2020 yana sauya taswirar makarantar a kowane zagaye, wanda ya rage matsalar haddace hanya, sai dai shi na kuɗi ne.

Iyaye kuma a lura: akwai wasan a waya, kuma sunansa da hoton aji na iya sa a ɗauka darasi ne. Lissafin cikinsa bai wuce tarawa da ɗebewa ba, kuma ba don koyarwa aka sa shi ba.