Tsoron manyan kasuwanni da aljihun ɗan Zango

A ɗakin malamai na makarantarmu, hirar ƙwallo ta ragu. Da an tashi tara, sai ka ga kowa ya duƙa kan waya yana duba dala nawa take, zinariya nawa ta kai. Ni lissafi nake koyarwa, don haka ni ake tsarewa da tambaya: "Malam, mu saya ko mu jira?" Amsar da nake ba su ita zan maimaita a nan: wanda ya sayi dala ko zinariya ranar da kowa ya firgita, yawanci shi ke biya wa wasu riba.

Manyan masu juya kuɗi a Landan da Niyok yanayi biyu gare su. In hankalinsu ya kwanta, sai su fito da dukiya su zuba a hannun jari da ƙasashe irin tamu, inda riba ke da kauri. In suka tsorata, sai su kwashe su gudu maɓoya: dala, farank na Suwizalan, yen na Japan, ko zinariya. Sidi ba ta cikin maɓoyar nan, ita ce ma ake gudu a bari.

Sai dai fa ba kowane tsoro ne ke bin hanya ɗaya ba, kuma a nan mutanenmu ke ruɗewa. A watan Maris na 2020, da korona ta rufe duniya, zinariyar ma faɗuwa ta fara yi, domin masu bashi sun sayar da ita don neman tsabar kuɗi. Sai a watan Agusta ta haura dala 2,000 kan oza ɗaya. A 2022 tsoron na hauhawar farashi ne. Babban Bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 4, dala ta yi ƙarfi, zinariya ta sauko ƙasa da dala 1,700. Mu kuwa muka sha wuya: dalar da aka fara shekara da ita a kusan sidi 6 ta wuce 14 a wajen 'yan canji a watan Nuwamba, hauhawar farashi ta kai kashi 54 a Disamba.

Wani abokin aikina a wannan Nuwamban ya kwashi adashin matarsa ya je Tudu ya canza dala, wai kafin ta kai 20. Gwamnati na cimma matsayar farko da IMF a Disamba, tsoro ya lafa, dala ta rikito ƙasa da sidi 10 cikin 'yan makonni. Kuɗin makarantar yara ya zo a Janairu, dole ya sayar a kan asara. Ban yi masa dariya ba, don ni ma rashin kuɗi ne kawai ya hana ni bin sahunsa.

A 2025 kuma lissafin ya sake juyawa. Wannan karon daga Amurka tsoron ya fito, bayan Shugaba Trump ya sanar da harajinsa kan kayan ƙasashen duniya ranar 2 ga Afrilu. To in gidan da ake gudu a fake ne ya kama hayaƙi, ina za a nufa? Dala ta yi asarar kimanin kashi 10 a gaban manyan kuɗaɗe cikin wata shida, zinariya ta taɓa dala 3,500 a Afrilu, ta wuce 4,000 a Oktoba. Da ma manyan bankunan ƙasashe sun yi ta sayen sama da tan 1,000 kowace shekara daga 2022 zuwa 2024, bayan sun ga yadda aka daskarar da ajiyar Rasha. Gana ce ta fi kowace ƙasa a Afirka haƙar zinariya, ga kuma hukumar GoldBod da aka kafa a 2025 don sayen ta ƙananan masu haƙa, sai dala ta shigo, sidi ta farfaɗo daga wajen 15 zuwa wajen 10 tsakanin Afrilu da Yuni. Wanda ya ɓoye dala ƙarƙashin katifa ya wayi gari kashi ɗaya cikin uku na ajiyarsa ya narke.

Manyan 'yan kasuwa suna da dabarun da ba mu da su. Suna rarraba dukiya, suna yanke asara da wuri, kuma kuɗin ba na cefane ba ne. Samarinmu da ke "forex" a waya da bashin da ya ninka jarinsu sau ɗari, motsin kashi 1 ya isa ya share su. Zinariyar da suke ganin ba ta faɗuwa ta zube fiye da kashi 5 a rana ɗaya, 21 ga Oktoba 2025. Kuma malamanmu sun daɗe da faɗa cewa canjin zinariya da kuɗi hannu da hannu ake yi. Wanda bai taɓa ganin abin da ya saya ba, ya je ya yi tambaya. Waɗanda suka zuba kuɗi a Menzgold kafin 2018 ma sunan zinariya aka kira musu.

Shawarata ga ɗan Nima da ɗan Aboabo ba ta da ado. Ka duba da wane kuɗi za ka biya buƙatarka. Mai shigo da kaya daga Dubai ko mai tara kuɗin Hajji yana da dalilin riƙe dala, ya riƙa saye kaɗan-kaɗan kowane wata, ko ta hau ko ta sauka. Mai biyan haya da kuɗin makaranta nan da wata uku ya bar kuɗinsa a sidi. Iyayenmu mata da ke ajiye sarƙar zinariya shekara goma ba su yi kuskure ba, muddin sun san maƙeri ba zai mayar musu da kuɗin aikin ƙira ba ran sayarwa.

Abin da ya fi damuna shi ne gwamnati. Ƙarfin sidi na yanzu ya jingina da tsadar zinariya, tsadar kuma ta jingina da tsoron wasu. A 2011 oza ta kai wajen dala 1,900, kafin ƙarshen 2015 ta dawo wajen 1,050. Muna son Ministan Kuɗi da Babban Bankin Gana su fito su gaya mana, da alƙaluma, nawa aka ware daga ribar yau, da kuma me zai tallafi sidi in oza ta koma dala 2,500.